Na-Allah Ya Zauna a Kan Gyaransa

Duk wanda ya taɓa fasa wani abu a Malanbil ya san Na-Allah mai gam. Rumfarsa tana bakin babbar hanyar da ta miƙe zuwa gadar kogin Kwara, tsakanin mai facin taya da mai shayi, kuma shekara ashirin da biyu ke nan ba ta gusa ko da taki ɗaya ba. Mutum ne gajere mai ƙaton tumbi da ƙananan hannuwa, ga tsabta kamar limamin Juma'a. Farcen babban yatsansa na dama kaɗai ya ƙi tsabta, don gam ya daɗe da mayar da shi ƙaho.

Gidansu gidan fatauci ne. Kakansa ya zauna a garin tun ana kawo goro a kan jakai, ubansa Malam Sa'adu ya gaji rumfar goron. Da Na-Allah ya tasa aka damƙa masa huhun goro ya je ya sayar. Ya wuni yana ɗinke bakin kwandon da ya yage, masu saye suna zuwa suna wucewa, goro ya sha rana ya yi tauri. Uban ya dube shi, ya dubi kwandon da ya yi kyau kamar sabo, ya ce wannan hannu ba na ciniki ba ne, Allah ya ba shi abin yi.

Abin yin ya zo a cikin wata babbar mota da tankinta ya tsage a gaban ofishin duwan, wato kwastan. Bakaniken motar, wani mutumin Kwatano, ya fito da gwangwani biyu, ɗaya da ruwa garai-garai kamar zuma, ɗaya mai warin da ke hawa kai. Ya ɗiba nan, ya ɗiba can, ya cuɗa, ya shafa a tsagar. Kafin a sha shayi zagaye biyu abin ya zama dutse. Na-Allah ya ƙwanƙwasa da farce, ya sake ƙwanƙwasawa, daga ranar zuciyarsa ta tafi. Masu karatun boko suna ce wa abin epoksi, amma a Malanbil gam mai biyu ake ce masa, daga baya ma aka koma cewa gam ɗin Na-Allah.

Yana da tsarin aikinsa, ba kuma ya son a taɓa masa shi. A kan murfin gwangwanin kifi yake haɗi, da tsinken ƙafar keke yake juyawa, kuma in yana juyawa ko sallama aka yi masa da kai yake amsawa. Ya liƙe tankin babur, ya liƙe lagireto, ya liƙe bokiti da gilashin ido da hannun buta. In ya gama sai ya goge tsinken, ya miƙa wa mai kaya kayansa, ya faɗi maganar da kowa a layin ya haddace: "Wanga liƙi, kai za ka mutu ka bar shi. Ɗiyanka su gada, jikokinka su yi hwaɗa a kai."

Ba yaudara yake yi ba, har cikin ransa ya yarda da haka. Hujjarsa kuwa ɗaya ce, a shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Matarsa Marka, mai tuyar ƙosai a bakin tasha, ita kaɗai ke ce masa ya bi a hankali.

"Malam, masu ba ka aiki dut matahiya na," in ji ta. "Wanda tankinai yat tsage cikin dajin Agadas, ƙasa za shi takowa shi zo shi gaya maka?"

"Ke dai soya ƙosanki," in ji shi. "Ni na taɓa shiga miki sha'anin wake?"

Sai ga shekarar da aka rufe gada. Manyan motoci suka yi layi har ido ya gaji, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, matafiyan Na-Allah suka zama maƙwabtansa. A nan ne ya fara ganin fuskar da ya taɓa gani. Wani direba ya zo da lagireton da aka liƙe masa bara, gam ɗin ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro, gefensa ya ɗaga. Na-Allah ya juya shi, ya shinshina, ya ce ai an zuba masa ruwan zafi fiye da kima. Direban ya ce lagireto ne fa, in ba ruwan zafi ba me zai sha? Na-Allah ya ce to baki ne aka yi masa, ya sake liƙewa kyauta, ya manta da zancen kafin la'asar.

Da hanya ta mutu sai kogi ya tashi. Mutane da kaya suka koma ƙetarewa a jirgin ruwa, duk wani tsohon kwale-kwale da ke kife a bayan gida aka jawo shi aka ɗaura masa inji. Rumfar bakin hanya ta yi tsit, har Na-Allah ya fara gyangyaɗi da rana tsaka. Wata safiya ya kwashi gwangwanayensa a buhu ya gangara bakin ruwa, shi da tun haihuwarsa bai taɓa shiga jirgi ba. Iyo kuwa, ko a kwatami bai iya ba.

Bakin ruwa yana da mai shi. Khalidu, wani dogon Basarke, jinin masunta, wanda furfura ta gama cinye masa gemu, shi ne babban masu gyaran jirage, ba wanda ke kafa aiki a wurin sai da yardarsa. Su gyaransu irin na kaka da kakanni ne. Su cusa tsumma a tsakanin katakai da bakin wuƙa, su bi da kwalta mai zafi, bayan 'yan watanni su kankare su sake. Na-Allah ya tsaya ya kalle su, tausayi ya kama shi. A ganinsa wannan ba gyara ba ne, wahala ce aka gada.

"Malam Khalidu," ya ce, "aikin da kuka yi sau huɗu a shekara, ni sau guda ni ka yin shi, har tashin duniya."

Khalidu bai ɗaga kai daga tsumman da yake cusawa ba. "Mai gam, icce shina lumhwashi. Shi sha ruwa shi kumbura, rana ta buge shi shi tsuke. Abin da za shi zamna da shi sai mai bin shi. Naka shina bin shi?"

"Nawa ba shi bin kowa. Shi aka bi."

"To," in ji Khalidu. "Muna da al'ada dai. Wanda yag gyara jirgi, shi ka zamnawa bisa gyaran a tahiyar hwarko. In an komo shi tashi shi juya muna baya. Wando busasshe, aiki ya yi. In ruwan damana ya kawo, kowa shi sake zamnawa bisa nashi."

Na-Allah bai so zancen shiga jirgi ba, amma bakinsa ya riga ya yi nisa. Wanda ya fara ba shi aiki wani saurayi ne mai suna Manzo, ɗan Gaya da ke ƙetaren kogi, wanda ya gaji jirgin ubansa da tsaga a ciki mai tsawon kamu ɗaya. Lokacin sanyi ne. Na-Allah ya sa aka busar da katakon kwana biyu, ya haɗa gam cike da kwano, ya malala a tsagar ya shafe sumul. Washegari aka kwashe ruwan jirgin tas, ya zauna a kan gyaran ya runtse ido yana salati, aka je tsakiyar kogi aka dawo. Ya tashi ya juya wa dattawa baya. Wando ƙayau, ko ɗigo babu.

Daga nan sai ciniki ya buɗe. Wa zai so ya riƙa kife jirginsa duk bayan wata uku alhali fasinja na jira? Kafin sanyi ya wuce Na-Allah ya liƙe jirage goma sha huɗu. Ya kafa rumfa a bakin ruwa, ya sa aka rubuta sunansa a allo da jan fenti, tumbinsa ya ƙara kamu. In ya wuce masu kwalta sai ya toshe hanci ya yi musu sannu da hayaƙi. Khalidu ya kan amsa da yauwa, ya ci gaba da aikinsa.

Bazara ta zo irin ta bakin Kwara, wadda ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi. Jiragen suna wuni a rana, cikinsu ya yi zafin da fasinja ba sa iya taka shi ba takalmi, ƙarƙashinsu kuma yana cikin ruwa. Gam ɗin da ya fito garai-garai ya fara yin rawaya. In zafi ya kai maƙura har ya kan ɗan yi taushi, farce ya shiga, da yamma ya sake ƙanƙamewa. Da damina ta sauka sai laima ta samu hanyarta, tana bi ta cikin katakon a hankali tana shiga ƙarƙashin liƙin, inda ido ba ya gani. Wata rana Na-Allah ya shafa wani gyaransa, farin gari ya biyo yatsansa kamar alli. Ya duba hagu, ya duba dama, ya goge a bayan wandonsa, ya gaya wa kansa ƙurar siminti ce daga kayan wani.

Ruwa ya kawo, kogi ya cika ya yi ja, ranar zama ta zo. Wannan rana ita ce komai a wurinsa, don wanda wandonsa ya jiƙe ba ya sake taɓa jirgi a wannan gaɓa, kuma hanya har yanzu a rufe take, ba rumfar da zai koma. Amma abin da ya fi ci masa rai ba rumfa ba ne, sunansa ne, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana gogewa. Saboda haka ya buɗe akwati ya ciro farar shaddarsa ta Sallah, riga da wando da hula.

Marka ta tsaya da matsamin ƙosai a hannu. "Malam, wagga tuhwa za ka shiga ruwa da ita?"

"Jirgi za ni shiga, ba ruwa ba."

"Ka ɗauki wani wando cikin leda, don Allah."

"Mai shakka ka ɗaukar wando biyu," ya ce, ya fita yana baza ƙamshin turare.

Bakin ruwa ya cika. Masu kwalta suka fara, kowa ya zauna a kan nasa, aka zaga da shi aka dawo, ya juya baya, dattawa suka gyaɗa kai. Ba abin mamaki a ciki, don duk cikinsu ba wanda gyaransa ya wuce mako uku. Da aka zo kan Na-Allah sai aka zaɓi jirgin Manzo, tunda shi ne mafi daɗewa. Aka kwashe ruwa da ƙwarya, aka goge da tsumma, aka loda buhun masara ashirin don jirgi ya ji nauyi. A gaɓa kuma fasinjojin Manzo sun riga sun yi layi suna jira a gama su shiga, yawancinsu mata 'yan kasuwa. A gabansu akwai Zalika mai tattasai, wadda bakinta ya fi hajarta yaji, da goyo a baya.

"Baba mai gam, yau ango kake?" ta ce da ƙarfi. "Ina amaryar, ko kihi za ka aura?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya tattara rigarsa, ya zauna daram a kan gyaran, Manzo ya ja igiyar inji.

Ba su yi nisan jifa biyu ba ya ji wani ɗan sanyi a ƙarƙashinsa. Ya ce a ransa zufa ce, ai shadda akwai zafi. Suka ƙara gaba, sanyin ya faɗaɗa ya kai girman faifai. Ya ce to zufar ce dai ta yi yawa. Da suka shiga tsakiya, inda ruwa ke da ƙarfi, jirgin ya ɗan murɗa, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinsa, liƙin gaba ɗaya ya motsa kamar ɓawon gyambo. Nan ido ya raina fata. Ya gane cewa gam ya gama nasa aikin tuntuni, abin da ke tsakanin jirgin nan da kogin Kwara yanzu shi ne mazaunan Na-Allah ɗan Malam Sa'adu.

Ya danna da duk nauyin da Allah ya ba shi. Tumbin da Marka ta daɗe tana yi wa tsiya, yau ga ranarsa. Ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ya washe baki don mutanen gaɓa su ga murmushi, salati kuma yana fita ta tsakanin haƙora.

Manzo yaro ne mai ido. Ya ga wani siririn ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin farar riga yana bin katako. Ya rage wutar inji ya sunkuyo.

"Baba, ya sake?"

"Ja bakinka. Ja jirginka kuma, da sauri."

Manzo ya ƙara wutar inji har suka juyo. Yana ƙaunar tsohon, don shi ya fara yarda da shi, kuma ba ya son ya ga an yi masa dariya. Ya ce a hankali, "Baba, ga dabara. In mun kusa gaɓa sai in bi ta bayan wancan babban jirgi, igiyar ruwanai ta watso muna. Kowa shi gani kogi na yaj jiƙa ka. In cusa tsumma wurin, in aza buhu bisa, in kai mutanen ga in komo. Gobe sai ka sake liƙewa, ba wanda za shi ji."

Wallahi dabarar ta yi wa Na-Allah daɗi. Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, har ya fara shirya abin da zai faɗa, yadda zai daka wa mai babban jirgin tsawa a kan ya ɓata masa shadda. Ya buɗe baki zai ce to, sai idonsa ya sauka a kan layin da ke gaɓa. Zalika ta kwance goyonta tana gyara masa hula. A bayanta wata tsohuwa ta zauna a kan ƙullin kayanta tana taunar goro, ga wasu mata biyu da tulin robobi. Ya ƙiyasta nisan da ke tsakanin nan da gaɓar Gaya, ya tuna yadda abin ya motsa a ƙarƙashinsa da buhu ashirin kacal. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko lokacin da yake tunanin nutsewar kansa.

"Bi hanyarka sak," ya ce wa Manzo. "Kak ka rabi jirgin kowa."

Jirgi ya daki yashi. Khalidu da dattawa suna tsaye, jama'a sun matso. Na-Allah ya ɗan jima a zaune. Sannan ya dafa buhu ya miƙe. Yana tashi liƙin ya biyo shi manne a wando, guntun abu rawaya mai tsawon kamu ɗaya, ruwa kuma ya yi tsiri daga tsagar kamar an buɗe famfo. Ya juya wa dattawa baya kamar yadda al'ada ta ce, ko da yake ba sauran abin dubawa. Farar shadda ta koma jar laka tun daga ƙugu har gwiwa.

Dariyar da aka yi a bakin ruwan nan, har masu babur da ke kan tudu sai da suka gangaro. Zalika ta riƙe ciki tana cewa ango ya yi abin kunya a gidan surukai. Kunya ta rufe Na-Allah har kunnuwansa suka yi zafi, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Khalidu kaɗai bai yi dariya ba. Ya sa hannu ya ɓamɓare liƙin daga wandon, ya lanƙwasa shi, abin ya karye ɓas, cikinsa fari da danshi.

"Rana ta dahwa shi daga bisa, ruwa ya ci shi daga ƙasa," ya ce. "Ba laihin hannunka ba na, mai gam. Wata nawa ke nan?"

"Tara."

"Sauran hwa?"

Na-Allah ya riga ya juya yana duban gaɓa. Jiragen da ya liƙe ya san su kamar 'ya'yansa. Ga uku a ɗaure, ga biyu ana loda musu albasa. Can ƙasa kuma ga na Awal, wanda ya yi wa babban gyara a tsakiyar ciki, maƙil da mutane, an riga an tura shi daga yashi, injin yana tari.

Bai san lokacin da ya zura da gudu ba, jiƙaƙƙiyar riga tana dukan ƙafafunsa, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Ya faɗa ruwa har gwiwa, har cinya, yana ɗaga hannu biyu.

"Awal! Komo! Ni nay yi gyaran wanga jirgi!"

Awal ya ɗago daga kan injin yana murmushi, bai ga abin da ya faru a sama ba. "Ai shi yas sa hankalinmu kwance, Baba!"

Maganar ta soke shi fiye da duk dariyar da aka yi. Ya ƙara taku ɗaya, ruwa ya kai masa ƙirji, ya tattara duk muryar da ta rage masa.

"Ban sani ba nah hwaɗi! Ba shi daɗewa! Don Allah komo da mutanen ga!"

Awal ya dubi tsohon da ke tsaye a cikin kogi da rigar Sallah, ya dubi katakon da ke ƙarƙashin ƙafafun fasinjansa. Murmushin ya ɗauke. Ya kwantar da hannun injin gefe, hancin jirgin ya fara juyowa gaɓa.